Injin Zuƙe Ƙura Ya Daina Ja? A Duba Tiyo Da Mariƙi Kafin A Ce Koyil Ya Ƙone

A Kademi da sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi, tsintsiya ce har yanzu ke riƙe da shara, kuma babu alamar za ta sauka nan kusa. Amma injin zuƙe ƙura, wanda wasu ke kira injin shara, ya fara samun wurin zama: masallacin da aka shimfiɗa wa kafet daga bango zuwa bango, wurin wankin mota na bakin titi, ɗakin amaryar da aka yi wa jere da kujerun kushin. Yawancin waɗannan injina na hannu ne, tokumbo daga Turai da aka sayo a Kano. Ranar da ɗaya ya daina ja, matashin da ya fi kowa iya latsa waya a gidan shi ake kira ya duba, ko da bai taɓa kwance irinsa ba.

Hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne koyil ya ƙone. Daga nan sai ɗayan biyu: ko a ɗora injin a mota a bi ta Wudil zuwa Kano neman mai gyara, ko a jefa shi sito ƙura ta binne shi. Alhali injin da ke tashi yana ƙara idan an kunna shi, koyil ɗinsa na aiki. Matsalar tana kan hanyar da iska ke bi, kuma mafi yawan lokuta tana cikin tiyo ko mariƙi, sassan da mutum zai iya gyarawa a tsakar gida da wuƙa, filaya, sukundireba da fitilar wayarsa. Abin da ke ƙona koyil da gaske shi ne a ci gaba da aiki da injin alhali hanyar iskar tana toshe.

Yadda iska ke tafiya a cikin injin

A cikin gangar injin akwai koyil mai juya fanka da gudu sosai. Fankar tana tura iska waje ta bayan injin, sai iskar ɗaki ta ruga ciki ta cike gurbin, ta kwaso ƙura a kan hanyarta. Tana shiga ta bakin da ke goga ƙasa, ta hau bututun ƙarfe, ta ratsa mariƙi, ta bi tiyo, ta faɗa jaka ko kwandon ƙura, ta wuce matata, sannan ta kai ga fanka. Hanya ɗaya ce tak. Duk inda ta toshe, ko ta ɓule iska ta samu gajeriyar hanya, ƙarfin ja a bakin ƙasa zai ragu.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. A yawancin injinan gida, wannan iskar da ta kwaso ƙura ita ce kuma ke sanyaya koyil bayan ta wuce matata. Idan tiyo ya toshe, koyil ya rasa iskar da zai sha ke nan. Shi ya sa injin ke yin zafi ya mutu da kansa bayan 'yan mintuna. Akwai wata ƙaramar na'urar kariya a ciki da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, ta dawo da ita bayan injin ya huce, wani lokaci sai bayan rabin awa ko fiye. Mai injin da bai san haka ba zai jira ya huce, ya sake kunnawa, ya sake mutuwa, a haka har ranar da warin ƙonewa zai fito. Wannan mutuwa da farfaɗowa gargaɗi ne, ba lalacewa ba.

Kunne da tafin hannu sun isa gwajin farko

Kafin a taɓa komai, a saurari injin. Idan hanya ta toshe, ƙararsa tana sirancewa ta yi sama, kamar babur da aka murɗa wa totur alhali yana tsaye. Dalili kuwa fanka ta rasa iskar da za ta tura, nauyi ya ragu mata, sai gudunta ya ƙaru. Idan kuwa tsagewa ce, ƙarar injin tana nan yadda aka saba, sai dai a ji wani shuuu ko fito daga jikin tiyo, musamman idan an lanƙwasa shi.

Sai gwajin tafin hannu, wanda ake farawa daga jikin injin a fito waje. A cire tiyo gaba ɗaya, a kunna, a ɗora tafin hannu a kan ramin da tiyo ke shiga na daƙiƙa biyu ko uku. Idan ya kama hannu da ƙarfi, koyil da matata lafiya suke. Idan bai kama ba, ba tiyo ne mai laifi ba: jaka ta cika ko matata ta toshe. A mayar da tiyo a gwada a bakin mariƙi. A ƙara bututun ƙarfe a gwada a ƙarshensa. Daga ƙarshe a saka bakin ƙasa. Duk gaɓar da ƙarfi ya faɗi bayan an ƙara ta, nan matsalar take.

Game da jaka da matata, lokacin hunturu yana da nasa hali. Hazon da ke rufe Kano daga Nuwamba zuwa wajen Maris, wanda babban kasonsa ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ƙura ce mai laushi kamar gari. Tana toshe ƙananan ramukan jakar tun jakar ba ta kai rabi ba. Mutum zai buɗe ya ga da sauran wuri, ya rufe, alhali iska ba ta wucewa. Injinan da ba su da jaka ma haka matatarsu ke daskarewa. Wanda aka ƙera don gidan Jamus ko Ingila bai san hunturu ba, don haka lissafin kwanakin wanke matata da ke cikin littafinsa ba zai yi aiki a Gaya ba. A nan sai an riƙa dubawa akai-akai.

Haka kuma a tabbatar wutar tana da ƙarfi. Idan wutar KEDCO ta zo rabi, ƙwan fitila yana ja-ja, gudun koyil zai ragu, jan iska ma ya ragu. Ƙaramin janareta irin na masu cajin waya bai kai wat 1000 ba, tsofaffin injinan shara kuwa da yawansu suna cin wat 1400 zuwa 2000. Akwai sauƙi ga wanda zai saya yanzu: Tarayyar Turai ta taƙaita ƙarfin injinan shara na gida zuwa wat 1600 a watan Satumban 2014, ta sake rage shi zuwa 900 a Satumban 2017. Ke nan tokumbon da aka ƙera bayan wannan lokaci ya fi dacewa da janareta da inbata. Adadin yana rubuce a kan takardar da ke manne a ƙarƙashin injin. A nan ne kuma za a ga ko na 220 zuwa 240V ne, wanda ya dace da wutar Najeriya, ko na 120V daga Amurka, wanda zai ƙone nan take idan aka jona shi kai tsaye.

Idan toshewa ce

A zare filogi daga soket tukuna. A cire tiyo, a miƙar da shi, a kunna fitilar waya a wani bakin a leƙa ta ɗayan. Idan tiyon ya yi tsayi ko mariƙinsa lanƙwasasshe ne har haske ba ya fitowa, a riƙe shi a tsaye a jefa ƙwallon dabino ta sama. In ya faɗo ƙasa, hanya a buɗe take. In ya maƙale, a bi jikin tiyon da hannu ana matsawa a hankali, za a ji wurin da ya yi tauri.

Abubuwan da ke toshe tiyo a ƙasar Hausa sanannu ne. Kan gaba shi ne tsinken tsintsiya. Ana yin shara da tsintsiya, tsinke ya karye ya kwanta cikin kafet, injin ya ɗauke shi ya gitta a lanƙwasar mariƙi. Shi kaɗai ba ya hana iska wucewa, amma zare da gashi da audugar katifa suna taruwa a kansa har su zama toshe. Sai guntun ledar fiya wata, tsinken sakace, guntun asuwaki, ɓawon gyaɗa, safar yara, ƙwayar carbi da ya tsinke. A masallaci cikin watan azumi, ƙwallon dabino ne. Injin da ya daɗe a ajiye kuwa a duba ko zanzaro ya yi gini a cikin bututun, don ramin ya yi masa daidai.

Hanya mafi sauƙi ta fitar da toshe ita ce a juya tiyon: a kai bakin mariƙi kan ramin injin, a naɗe mahaɗar da tsumma a riƙe da hannu, a kunna. Abin da ya shiga ta wata fuska ya maƙale yakan fito cikin sauƙi idan an ja shi da baya. In bai fito ba, a tura sanda mai santsi marar tsini, kamar sandar mofa ko guntun tiyon ruwa mai ɗan tauri. Kada a yi amfani da rodi ko waya mai kaifi. Fatar da ke tsakanin zobban tiyo siririya ce, waya tana huda ta ba tare da an ji ba, sai a fita daga matsalar toshewa a shiga ta ɓuli.

Tiyon da ba shi da wayar lantarki a jiki ana iya wanke cikinsa da ruwa da ɗan sabulu. Sharaɗin kawai ya bushe sarai kafin a mayar, a rataye shi a inuwa kwana guda bakinsa biyu na kallon ƙasa. Ɗigon ruwa da ƙurar hunturu idan sun haɗu taɓo suke zama, ruwan da ya kai ga koyil kuma ba ya barin sa lafiya.

Idan tsagewa ce

Tiyo ya fi tsagewa a wuri biyu: dab da mariƙi, da dab da inda ya shiga injin. A nan yake shan lanƙwasa, a nan kuma nauyi ke sauka idan ana jan injin ta tiyo kamar akuyar da ta ƙi tafiya. Tsagar takan ɓuya a cikin kwarin zobba, ba a ganin ta sai an miƙe tiyon. A kunna injin, a toshe bakin mariƙi da hannu na ɗan lokaci kaɗan, a bi jikin tiyon da ɗayan hannun ana lanƙwasawa, fiton zai nuna wurin. Ko a shiga ɗaki mai duhu, a saka fitila a bakin tiyon a ga inda haske ke tsartuwa.

Tsagar da ke kusa da baki ita ce mafi daɗin gyara, domin ba faci za a yi ba, yanke ɓangaren za a yi a zubar. Kafin a kwance, a ɗauki hoton mahaɗar da waya ta kowane gefe, a kuma ɗauki hoton kowane yanki yayin da yake fitowa, saboda jerin da suka fito da shi za su koma. A injina da yawa akwai zoben roba mai haƙora biyu da ke riƙe tiyo cikin mariƙi. Ana danna haƙoran ta ƙananan tagogi da ke gefe da sukundireba mai faɗin baki, sai tiyon ya zamo waje da wani ɗan kofi a ƙarshensa. Wannan kofin murɗa shi aka yi a kan zobban tiyon, kuma a nan mutane da yawa ke fasa shi: sau da yawa murɗinsa na hagu ne, akasin noti da aka saba. Wanda ya juya shi ta inda ake kwance noti ƙara ɗaure shi yake yi. A gwada ɗaya gefen kafin a sa ƙarfi. Idan ya ƙi, a tsoma ƙarshen cikin ruwa mai ɗumi na 'yan mintuna robar ta saki. Wasu kamfanoni da gam suke manne shi, irin wannan sai an kankare tsohon guntun tiyon daga cikin kofin da haƙuri.

Sai a yanke tiyon a miƙe, kaɗan bayan tsagar. Idan mai waya ce a naɗe cikin zobbansa, wuƙa ta yanka robar, filaya ta datse wayar, a lanƙwasa bakinta ciki don kada ta soki hannu. A zura zoben haƙoran a jikin tiyon kafin a murɗa kofin, wanda ya manta wannan sai ya sake kwancewa. Ɗan ruwan sabulu yana taimakawa wajen murɗawa. Ban da man inji ko man shafawa, suna kama ƙura. Tiyon zai ragu da tsawon yatsa ɗaya ko biyu, babu wanda zai lura.

Tsagar tsakiya ta fi wuya. Baƙin salatif na masu wayarin yana riƙewa na ɗan lokaci, don iskar ciki janyo shi take yi ba tura shi ba, amma zafin Maris da Afrilu yana narkar da gam ɗinsa ya zame. Abin da ya fi shi ƙarko yana wurin mai faci: tsohon tiyub ɗin babur. A yanko shi siriri, a goge tiyon ya bushe, a naɗa robar ana ja da ƙarfi, kowane zagaye ya hau rabin na baya, a fara kafin tsagar a wuce ta sosai, sannan a ɗaure ƙarshen. Tana lanƙwasuwa tare da tiyon, abin da gam mai tauri ba ya yi. Idan tsagar ta kusa raba tiyon biyu, a yanke wurin a haɗa ɓangarorin da guntun fayif na roba irin na masu famfo, a ɗaure kowane gefe. A goge bakin fayif ɗin ta ciki ya yi santsi, kuma a sani cewa wurin ya ɗan ƙuntata, nan ne toshe na gaba zai fara taruwa. Tiyon da ya bushe har yana tsagewa wuri uku ko huɗu ya gama aiki, faci a kansa ɓata lokaci ne.

Mariƙi da 'yan dabarunsa

A saman mariƙi da yawa akwai wata ƙaramar ƙofa da ake turawa da babban yatsa. Aikinta ta bar iska ta shiga don ƙarfin ja ya ragu lokacin share labule ko darduma marar nauyi. Yaro ya yi wasa da ita ya bar ta a buɗe, ko ta faɗi ta ɓace, sai a ce injin ya mutu. Ana samun wanda zai kai inji har Kano a kan wannan. Idan ta ɓace, a naɗe ramin da roba ko salatif, shi ke nan.

Bututun ƙarfe mai tsawaita da gajarta yana cijewa idan ƙura ta cika makullinsa. A karkaɗe, a goge da busasshen tsumma, a riƙa motsa shi har ya saki. Duka da guduma lotsa shi yake yi, in ya lotsa kuma ba zai sake zamewa ba.

Mariƙin da ya fashe yana buƙatar a san irin robarsa kafin a saye gam. A leƙa cikinsa da fitila, galibi akwai haruffa a rubuce tsakanin alamomi biyu, kamar >ABS< ko >PP<. Robar ABS tana karɓar sufa gulu da Araldite idan an goge wurin da samfefa an share ƙura. Robar PP kuwa gam ba ya kama ta, zai bushe a kai ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ita sai narkarwa: mai gyaran waya ko rediyo zai iya bin tsagar da ƙarfen soda, yana cikawa da guntun roba irinta, a wuri mai iska saboda hayaƙin. Ko wace iri ce, a ƙarfafa wurin da naɗin roba daga waje, domin duk nauyin turawa da ja a kan mariƙi yake sauka.

Wasu na jin mariƙi ya ɗan ja su kamar wuta lokacin hunturu, su tsorata. Idan tas ɗaya ne ya wuce, irin wanda bargo ke yi da dare, gogayyar busasshiyar ƙura da roba ce ta tara shi. Shi ya sa Miele ke saka siririn ƙarfe a ƙarƙashin mariƙinta, don tafin hannu ya riƙa taɓa shi cajin yana fita a hankali. Wannan tarin caji shi ne dalilin da ya sa bai kamata a kai bakin injin shara cikin kwamfuta da aka buɗe ko kan allon waya da aka kwance ba. Abin da hannu zai ji kamar tsunguli ya isa ya kashe ƙananan kayan da ke kan allon. Amma idan jan wutar ba ya tsayawa, wannan wani zance ne, a zare filogi nan take.

Tiyon da ba a yankawa

Akwai injinan da ke da maɓallin kunnawa ko na ƙara gudu a kan mariƙi, ko bakin ƙasa mai buroshi da ke juyawa da nasa koyil. A wasunsu wayoyin lantarki suna bi ta cikin jikin tiyon, kuma cikakkiyar wutar soket suke ɗauke da ita. Alamarsu ita ce ƙananan ƙarafa biyu ko uku, ko ramukansu, a mahaɗar tiyo da injin. Irin wannan tiyo ba a yanka shi, ba a wanke shi, ba a tura masa waya. Idan ya tsage har ana hango waya a ciki, a daina amfani da shi sai an canza, balle a masallaci inda mai shara ke aiki ba takalmi, wani lokaci da danshin alwala a hannu. Wasu kuma maɓallin mariƙinsu rimot ne kawai mai ƙaramin batir irin na agogo, babu ƙarafa a mahaɗa. In ya daina amsawa, batir za a canza.

Idan sai an sayi wani

Ba kowane tiyo ke shiga kowane inji ba, kuma mahaɗar da ke shiga jikin injin kusan kowane kamfani da irin tasa. Don haka ko tiyon ya mutu, kada a zubar da bakunansa biyu. Ana iya sayen tiyo tsura mai kauri ɗaya a murɗa masa tsofaffin bakunan. Bututu da bakin ƙasa kuwa sun fi zuwa a awo biyu, milimita 32 da 35. Henry na kamfanin Numatic na Ingila, mai zanen fuska a jiki, 32 ne. Miele da Bosch na Jamus galibi 35 ne. Ido ba ya raba su, amma zare yana rabawa: a zagaya shi a bakin da ke shiga cikin ɗan'uwansa a auna da rula. Wajen santimita 10 na nufin 32, wajen santimita 11 na nufin 35.

Kafin a hau motar Kano, a ɗauki hoton takardar da ke ƙarƙashin injin, inda sunan kamfani da lambar samfuri suke, a saka lambar a Google ko a nuna wa Google Lens mahaɗar don a ga ainihin siffar abin da ake nema. A tura hotunan ta WhatsApp ga mai kayan tokumbo a Sabon Gari ya tabbatar yana da shi. Masu irin wannan kaya sukan tara injinan da koyil ɗinsu ya ƙone, tiyonsu kuwa lafiya lau. Ranar tafiya a saka tsohon mariƙi da mahaɗar a leda a tafi da su, a gwada a shagon, a miƙe tiyon gaban haske a duba kwarin zobbansa kafin a biya kuɗi.

A gida kuma, kada a rataye shi a kan ƙusa guda, wurin da ya karye a kan ƙusar nan zai fara tsagewa. A naɗe shi da faɗi a ajiye inda rana ba ta dukansa kuma ɓera ba ya kaiwa, a cusa tsumma a bakunansa biyu saboda zanzaro.